Takardar da Aka Sace da Awartaki

Tun ranar da lauya ta sauka a Tiga aka san ba za a wanye lafiya ba.

Shekarar 1997 ce. Hamidu, manomin rani mai 'ya'ya huɗu, ya kamu da cutar ƙanjamau. Da labari ya bazu, ƙungiyar manoma ta kore shi daga gonarsa, wai kada ya taɓa ruwan da kowa ke ban ruwa da shi. Lauya Balaraba ta zo daga Kano ta shigar masa da ƙara. Hujjarsu ɗaya ce, takardar gonar mai dangwalen yatsansa. Ran Litinin za a shiga kotu. Ran Juma'a, ana masallaci, takardar ta ɓace daga masaukin lauyar.

Sufeto Jibrin ya iso daga Bebeji. Ƙofa a kulle take. Teburin da aka ajiye takardar a kai yana dab da taga, ko yaro zai miƙa hannu ya ɗauka. Amma a ƙasan tagar sai ya tsinci awartaki.

Ya nufi maƙerar Ɗanasabe.

"Yallaɓai, ban taɓa ganinsa ba," in ji maƙerin.

"To wannan zane ukun da ke jikinsa fa? Ga irinsa a duk fartanyoyinka."

Ɗanasabe ya sosa ƙeya. "Alhaji Mainasara, shugaban ƙungiya, shi ya ara da safe. Ya ce ƙusa zai cire."

Sufeto da lauya suka tarar da Mainasara a zaurensa, hannuwa cikin babbar riga. Warin kananzir ya cika wurin.

"Ina masallaci, sahun farko," ya ce tun ba a tambaye shi ba.

"Madalla. Ba ni hannu mu gaisa mana, Alhaji."

Da ƙyar ya fito da su. Duk sun yi ja, fata na saɓulewa.

"Fitila na gyara."

"Fitilun garin nan duka? Ko wanke hannu kake ta yi, don awartakin bai ishe ka ba?"

Mainasara ya sunkuyar da kai. "Dangwalen yatsan Hamidu fa yana jikinta, Yallaɓai. Ina zan taɓa?"

"Ka ƙona ta?"

"In ƙona, hayaƙin ya shige mini hanci? A bayan rumbu na binne ta."

Balaraba ta yi ajiyar zuciya. "Baba, mako biyu takardar nan tana hannuna. Kwano ɗaya nake ci da iyalin Hamidu. Cutar nan ba ta bin takarda, ba ta bin ruwan gona. Kuma babu dokar da ta ce mara lafiya ya rasa gonarsa."

"'Ya'yana tara, 'yar nan," ya ce. "Tsoro nake ji."

"Shi ma nasa huɗun yake ji wa."

Aka tono takardar lafiya lau. Sufeto ya tasa Mainasara gaba zuwa mota, manoma sun yi cirko-cirko suna kallo, Hamidu na tsaye can gefe. Sai wani tsoho cikinsu, Malam Uba, ya matso ya miƙa wa Hamidu hannu a gaban kowa.

"Tumatirinka ya fara yaushi," ya ce. "Gobe da safe zan buɗe maka ruwa."

Abin da alƙali zai yanke ran Litinin, da yawan waɗanda za su bi sahun Malam Uba, har yanzu ba wanda ya sani.