Gawar da Ta Ji Komai

"Sake kunna shi," in ji Baba.

Na danna salular.

Ga ni nan kwance a bidiyon, an lulluɓe ni da farin ƙyalle har wuya, idona a rufe. Ga Adam, ɗan ajinmu, durƙushe a gefena, yana kuka wiwi yana magana da Jamusanci.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

"Wannan ne karatun, Ramlatu? Wannan na tura ki Lome ki koyo? Kwanciyar gawa?"

"Teyatur ne, Baba... wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara. Duk ɗan sashen Jamusanci sai ya yi, a kansa ake ba mu maki."

"Maki! Uwarki tana kwance gidan likita, ke kina can kina karɓar maki!"

Na sunkuyar da kai, don gaskiyarsa ce.

Zakiyya ce ta ja mini, 'yar kawuna da muke aji ɗaya a jami'a. Ta so a ba ta matsayina a wasan, ta kuma fi son Adam a kan matsayin. Ita ta ɗauki bidiyon, ta yanke labule, ta yanke tafin 'yan kallo, ta jefa shi a zauren danginmu na waya ba tare da ta rubuta ko harafi ba. Ni kuwa salulata a kashe, don malaminmu ya hana. Kafin in kunna, Inna ta yanke jiki ta faɗi, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram, 'yan uwa na Takieta da na Dogo har sun kamo hanyar ta'aziyya.

Yanzu da na zo bakans, hutun ƙarshen shekara, ko shago ba na iya zuwa. Yara na bina da "Gawar Lome". Matan unguwa kuwa, masu baki kamar reza, sai su tare ni da fara'a su ce, "Sannu da tashi, ya mutanen can?"

"Kin gama Jamusanci," in ji Baba. "Babu komawa. Shi kuma wancan mai kukan haya, a ce masa ya bar mini zaure."



Shekara ɗaya ta rage mini in karɓi lisans, digirina na farko. Na tuna tsofaffin littattafan da na sha fama da su da ƙamus a cinya, da waƙoƙin da na haddace har nake rera su ina wanki, da burina na koyarwa a lise, babbar sakandare, a nan Damagaram. Duk sun tafi a farin ƙyalle ɗaya.

Adam kuma ɗan unguwar Zango ne, kuma tun hantsi yake zaure yana jiran a ba shi damar ba da haƙuri. Tun ranar wasan ban ɗaga kiransa ba. Haushinsa nake ji, kunyarsa kuma ta fi haushin.

"Mai Nasara."

Ya Falmata ce, kakata, mahaifiyar Baba. 'Yar Barno ce ta asali, ba ta ɗaga murya, amma in ta kira sunan Baba ko tari ba ya yi.

"A shigo da yaron."

"Ya, ai magana ta ƙare..."

"Ba ta ƙare ba. A shigo da shi."

Adam ya shigo ba takalmi, ya durƙusa nesa, ya gaida kowa. Ya rame. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

"Ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba," in ji Ya Falmata, "amma kunnena ƙalau. Ke 'yar nan, a cikin wasan naku me sunanki?"

"Sunan wata Baturiya aka ba ni, Ya."

"To me ya kawo 'Ramlatu' a bakinsa? Shi ne fa ya kayar da uwarki. Da ba ta ji sunanki ba, da ta tsaya ta yi tambaya."



Adam ya dubi ƙasa kamar zai huda ta da ido.

"Za a sake kunnawa," in ji Ya Falmata, "ki juya mana da Hausa. Kuma kar ki yi mini ƙarya, fuskarsa nake kallo."

"Ya, don Allah..."

"Ba karatu kika ce kin yi ba? To mu gani."

Innalillahi! A gaban Baba?

Zan iya cewa rubutun wasa ne, ba mai ƙaryata ni, Adam ma ba zai buɗe baki ba. Sai dai na san gaskiya. Ranar nan ina kwance ina jiran baitocin da muka yi wata da watanni muna bita, sai na ji ya saki rubutun gaba ɗaya ya kama wata magana. Malaminmu yana bayan labule yana raɗa masa layinsa, bai ko saurara ba. Ni kuma gawa ce, ba halin ko motsa gira.

Na danna. Muryarsa ta cika tsakar gidan.

"Ya ce..." Na dakatar da bidiyon. "Ya ce, Ramlatu, tashi."

"Ci gaba."

"Ya ce... tun shekarar farko nake zama a bayanki a aji. Na karanta waƙoƙin soyayyar Jamusawan nan kaf, ban samu ƙarfin faɗa miki kalma ɗaya ba. Da Hausa kunya ta hana ni..."

Hawaye suka zubo mini. Ban taɓa jin nauyin harshen uwata irin na ranar ba.

"Ya ce, yau da na gan ki a haka na gane in da gaske ne, ban san inda zan sa kaina ba. Ya ce... hasken idona..."

Baba ya yi gyaran murya ya kau da kai.

"Ya ce, tashi mu koma Damagaram, in je in durƙusa gaban mahaifinki."

Na kifa fuskata a gwiwa. Ban san lokacin da Inna ta fito daga ɗaki ba, sai jin hannunta na yi a bayana.

"Haka ne, yaro?" in ji Ya Falmata.

"Haka ne, Ya." Da ƙyar ake jinsa. "Laifina ne, ba nata ba. Baba, a hukunta ni, in an ce kar in sake kallon ƙofar nan ba zan sake ba. Amma a bar ta ta ƙarasa. Duk ajinmu babu kamarta."

"Ka ji mai kukan haya," Ya Falmata ta ce wa Baba. "Na je makoki ya fi a ƙirga, na san kukan da ake yi don idon mutane. Wannan ba shi ba ne. Ya ce zai zo gabanka, to ga shi a gabanka."

Baba ya daɗe yana murza hularsa.

"Mutanen Takieta da na Dogo fa, Ya? Da wane ido zan dube su?"

"A sake kiransu. Wancan karon da kuka suka zo, wannan karon goro za su ci."

Inna ta yi 'yar dariya, ta farko tun dawowata.

Baba ya dubi Adam sama da ƙasa.

"Ka turo manyanka. Amma sai ta karɓi lisans ɗinta. Kuma na sake jin an lulluɓe mini 'ya da sunan karatu, ni da kai ne!"

"In sha Allahu, Baba... na gode, Baba!"

Na yunƙura zan gudu ɗaki, Ya Falmata ta tare ni da sandarta.

"Tsaya. Ke me kika ce masa ranar?"

"Ya... gawa ba ta magana."

"To ai kin tashi."

Na ja mayafin har ƙasan haɓa. Ta cikin saƙar yadin ina hango shi, ya ɗago kai a karon farko, idonsa jawur, yana jira.

Da Hausa ba zan iya ba, ko za a yanka ni.

Sai na faɗa masa da Jamusanci, a hankali.

Adam ya rufe fuska da tafin hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza.

"Me ta ce?" in ji Baba.

Ya Falmata ta jawo kwanon goronta ta ɓare ɗaya.

"Bar su, Mai Nasara. Wannan ba sai an fassara ba."