Mai Shayi a Gindin Dutsen Karari

Mun tarar an tare hanyar da muka saba hawa dutsen Karari da waya mai ƙaya. Na ce mu koma gida birnin Umdurman, amma Idirisu, ƙanin matata, ba ya jin magana.

"Ya zol, ta arewa ma ana hawa," in ji shi, yana ce mini "kai mutumina" da Larabcin garinmu.

A can, inda ko akuya ba ta bi, muka iske wata tsohuwa da murhun shayi da 'yan kujeru.

"Ku zauna, 'ya'yana." Hausarta irin ta kakannin kakanni ce, babu ɗigon Larabci a ciki.

Wa zai ƙi shayin tsohuwa? Idirisu ya shanye nasa, ni na kurɓa sau ɗaya na ajiye. Ta nuna mana hanya tsakanin wasu duwatsu biyu.

Muna kaiwa ƙololuwa duhun magariba ya rufa. Muka sauko ta gabas, sai ga murhun a gabanmu. Muka sake hawa, muka bi kwazazzabon yamma. Murhun dai muka sake tararwa, tsohuwar tana ta fifita garwashin da ba ya ɗumi.

A karo na uku Idirisu ya zauna, ya cire takalmansa.

"Tashi, dalla!" na daka masa tsawa. Ko kallona bai yi ba. Sai a lokacin na lura da takalman da ke jere ƙarƙashin sauran kujerun, duk sun yi ƙura.

Kofina yana inda na bar shi, yana tururi.

"Ɗana," ta ce, "shayinka bai ƙare ba."