Rabin Murmushin Sauda

A motar Tsanyawa Uwaisu ya fara ganin Sauda, ta tallafe kunci saboda ciwon haƙori.

"Wa ya taɓa min ke?" ya ce.

Duk da ciwon sai da ta murmusa, wushiryarta ta leƙo. Shi ke nan, dillalin waken Dawanau ya faɗa tarko.

Shekarar tsada ce, gero ma ya gagari mutane balle asibitin birni. Da maganarsu ta kai gaban manya, sai ya ɗauke ta tare da gwaggonta zuwa wurin wani mai gyaran haƙori a bayan Bacirawa. Mutumin ya huda haƙorin, ya ce zai wanke cikinsa. Bilicin wanki ya zuƙo a sirinji, ko sirkawa bai yi ba, ya danna.

Wuta ta kama naman fuskarta. To amma Uwaisu na zaune a bakin ƙofa, ina budurwar da za ta kurma ihu a gaban saurayinta? Ta damƙe bakin hijabi, ta haɗiye.

"Da zafi?" in ji mutumin.

Ta girgiza kai. Ya ƙara dannawa.

Kafin su isa gida fuskar ta kumbura, ta yi baƙi har ƙasan ido. Likitar birni ta ce ruwan ya zarce tushen haƙori ya ƙone nama da jijiya, da Sauda ta yi magana da wuri da ɓarnar ba ta kai haka ba. Kumburi ya saɓe, amma leɓen hagu bai sake motsi ba.

Mahaifinta, Malam Mati, ya kori Uwaisu. "Ka nakasa min 'ya, kar in ƙara ganin ƙafarka."

Uwar Uwaisu ta ce, "Shanyayyen baki za ka kawo min? Ga Huseina 'yar ƙanena."

Huseina kuwa a bakin rijiya take kwaikwayon murmushin, 'yan mata na shewa. Sauda tana jin su ta bayan danga.

Ta tura wa Uwaisu saƙo: "Ka auri Huseina. Abin da ka gani ka so ya mutu."

Ya amsa: "Sanyin idona, ba tausayi ba ne, wallahi so ne. Ina nan."

Damina guda ya yi yana noma gonar Malam Mati, ko sallamarsa ba a amsawa. Da kaka tsohon ya gaji, aka ɗaura aure.

Wajen sayen baki, Tasi'u abokin ango ya ce, "Ai rabi ne, a yi mana ragi." Ɗaki ya kwashe da dariya. Uwaisu ya nuna masa ƙofa, sauran suka bi shi a kunyace.

Uwaisu ya durƙusa gaban Sauda.

"Amaryata, abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da ya yi miki zafi, ki faɗa min."



"Da zafi, Uwaisu," ta ce. "Tun ranar nake so in faɗa."

Sai ta saki kukan da ta haɗiye a Bacirawa, shi kuma bai ce ta yi shiru ba. Allah ya ba su zaman lafiya.