Injin Fijon Alhaji Ilyasu

Ranar Litinin da hantsi aka kawo ƙara komisariyar Maraɗi, wato ofishin 'yan sanda, cewa an sace motar Hajiya Rahmatu, kuma motar tana nan a tsakar gidanta a Sabon Gari. Insifekta Sha'ibu ya sa a maimaita masa, aka maimaita. Ya ɗauki hularsa ya hau babur, don motar aiki ta kwana uku babu mai.

Motar Hajiya kuwa kowa a Maraɗi ya san ta. Fijo 403 ce, marigayi Alhaji Ilyasu ya saye ta tun zamanin cinikin gyaɗa. Sha'ibu ya tarar da ita tana walƙiya, an shafe ta da shuɗin fenti, kujeru sun sha sabuwar leda.

"Hajiya, ga mota. Mi aka sace?"

"Cikinta, ɗana," in ji tsohuwar. "Bara wani Bature mai sayen tsoffin motoci ya gan ta da tsatsarta, ya yi mata tayi mai tsoka. Muka ce bari a gyara ta ƙara daraja. Jiya ya dawo, ya buɗe gabanta, ya rufe. Ya ce ko rubu'i ba ya ba da."

"Dalili?"

Ɗanta Shamsu ne ya amsa, wani dogo mai babbar riga da hoton jam'iyya a ƙirji.

"Ya ce lambar injin ba ita ce ta takardar mota ba. Wai su masu sayen irin wagga mota, abin da ta fito da shi daga kamfani suke saye, ba kwalliya ba. An cire injin babanmu an sa wani ruɓaɓɓe."

"Wa ya yi gyaran?"

"Kalibu na Tibiri. Fenti da kujeru kawai na sa shi. Ban san an taɓa inji ba sai jiya."

Kafin Sha'ibu ya koma ofis, wayar manya ta riga shi isa wurin maigidansa, kwamishinan 'yan sanda. Shekarar ce darajar kuɗin sefa ta karye, ma'aikata na yajin aiki, jam'iyyu na ta ƙulla ƙawance suna kwancewa, ba wanda ya san wa zai zama minista gobe. Kwamishina ya ce masa gidan Alhaji Ilyasu ba gidan da ake ja wa rai ba ne. Sha'ibu bai yi musu ba. Gaskiya ma ko tunanin musu bai yi ba.

Da azahar ya isa Tibiri. Kalibu tsohon makaniki ne, Kirista, shekara talatin yana kula da wannan Fijo. Sha'ibu ya sa masa ankwa a bakin garejinsa, a gaban masu shayi da direbobi, bai tambaye shi komai ba sai sunansa.

A komisariya ya zaunar da shi a benci.

"Kai ka cire injin?"

"Ni na cire."

"Wa ya sa ka?"

Tsohon ya dubi hannuwansa. "Aiki ne ya zo da haka."

"Yana ina?"

"Na zubar. Masu sayen ƙarfe suka kwashe."

"Su wa? Yaushe?"

"Na manta, mushe," in ji shi, wato yallaɓai a Faransancin gari.

Sha'ibu ya rufe shi. Ranar Laraba da safe za a miƙa takardunsa gidan shari'a, daga nan sai gidan kaso, kuma mutum mai shekarun Kalibu in ya shiga can ba lalle ya fito da ƙafarsa ba. Aiki ya yi kyau, kwamishina ya yaba. Amma abin ya tsaya wa Sha'ibu a rai. Ya sha ganin ɓarayi, duk cikinsu bai taɓa ganin wanda ya amsa rabin laifi da sauri haka ya ɓoye sauran ba.

Washegari ya koma Tibiri. Garejin fayau, masu motoci uku sun zo sun janye motocinsu tun jiya. Wannan aikin ankwarsa ne, ya kuwa san haka. Matar Kalibu, Yunice, tana zaune a ƙofa da kwanon abinci a ɗaure. Ba ta ba shi wurin zama ba.

"Baba ya ce ya zubar da injin, masu ƙarfe suka kwashe," in ji Sha'ibu.

"Masu ƙarfe?" Ta yi dariyar da ba ta da daɗi. "Kwana biyu ya yi yana wanke shi da kananzir, ya shafe shi da mai, ya toshe kowace kafa da tsumma. Zanena ma ya ɗauka ya lulluɓe shi. Haka ake yi wa abin zubarwa?"

"Wa ya ɗauke shi?"

"Amalanken shanu. Mai amalanken ya ce Jiratawa ya nufa, har ya bar mini albasa."

"Mi ya hana ki faɗa jiya?"

"Ka tambaye ni jiya?"

Sha'ibu ya karɓi kwanon abincin ya ɗaure a bayan babur.

Jiratawa ta yi kore shar a gefen gulbi, sai dai ba ko'ina ba. Famfunan ban ruwa da yawa sun tsaya, kayan gyara sun ninka kuɗi, fadamu da dama sun bushe. Can gefe guda Sha'ibu ya ji ƙarar inji mai laushi, ba tari ba shaƙewa. Ya bi ƙarar har wata rumfar zana.

Ga shi nan a kan katako, an yanke bayansa, an yi masa walda da famfo, ruwa na bulbulowa cikin kwalbati. Sha'ibu ya goge gefensa da yatsa, ya fito da takardar motar, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta saɓa.

Wani manomi mai suna Ɗan'auta ya taso da fartanya a kafaɗa.

"Lafiya, mushe?"

"Gonar wa ce wannan?"

"Ta Shamsu ɗan Alhaji Ilyasu. Ni nake duba masa."

"Injin fa?"

"Shi ya aiko ni Tibiri na ɗauko. Shi ya kawo mai walda, yana tsaye aka yanka. Kai, injin ga albarka gare shi. Wata biyu ko atishawa bai yi ba."

Da la'asar Sha'ibu ya sa aka kira Shamsu komisariya, wai ya zo ya sa hannu a takarda. Ya zo da fara'arsa, yana karkaɗa makullin babur.

"Ka ce ba ka san an taɓa inji ba sai shekaranjiya?"

"Haka na ce."

"Albasarka ta yi kyau bana."

Makullin ya daina motsi.

"Daga Jiratawa nake. Na ga injin, na ga Ɗan'auta."

"Kalibu ne ya sayar mini, ban san na babanmu ba ne."

"Kai da ka koyi tuƙi a kansa? In aika a zo da mai walda?"

Shamsu ya zauna ba a ce ya zauna ba. Sai maganar ta zubo.

"Famfona ya mutu, albasa na ƙonewa. Na sayo wani tsohon inji a Jibiya, ya ƙi jan ruwa. Sai na ce a musanya. Na ɗauka Bature fenti zai duba, wa ke leƙa cikin tsohuwar mota? Kalibu ya ƙi, ya ce mota irin wagga ba a raba ta da injinta, ko fentin ma bai so ba. Na ce masa umarnin Hajiya ne."

"Da Bature ya ƙi saye fa?"

"Hajiya ta dube ni ta ce wa ya yi wannan. Ban iya ce mata ni ne ba. Sunan Kalibu ne ya zo bakina." Muryarsa ta karye. "Na zaci za ku tsorata shi ku sake shi. Kwana biyu ke nan ban iya haɗa ido da ita."

Sha'ibu ya so ya yi masa tsawa, ya kasa. Yaron ya faɗi suna ne kawai, shi ne ya je ya sa ankwar. Ya rubuta bayanin, Shamsu ya sa hannu, kwamishina ya karanta ya ce shi ba ruwansa.

Da kansa ya ɗauki makulli ya buɗe ɗakin tsaro. Kalibu ya miƙe da ƙyar, yana dafa bango.

"Baba, ka fito. Na zalunce ka, na kama ka ban bincika ba. Kunya nake ji."

"Ka gano injin?"

"Na gano. An yanka shi, ba ya komawa mota."

Tsohon ya rufe ido. "Hannuna ne ya kwance shi. Da na je na tambayi Hajiya da bakina."

"Don mi ka rufa wa Shamsu asiri?"

Kafin ya amsa, 'yan sanda biyu suka shigo da Shamsu. Yana ganin tsohon ya durƙusa a ƙasa, babbar rigarsa na sharar siminti.

"Baba Kalibu, ka yafe mini."

Kalibu ya dube shi.

"Ranar da za a haife ka babanka yana Kano. Ni na tuƙa uwarka zuwa likita cikin motar nan, gulbi ya cika, injin bai mutu mana ba. Ni na fara kai wa Alhaji albishir. Ta yaya zan buɗe baki in ce mata ɗanta ɓarawo ne?"

Shamsu ya kifa kai yana kuka. Aka ɗaga shi, aka shigar da shi ɗakin da tsohon ya fito, aka ja ƙofa.

Sha'ibu ya ce zai kai Kalibu gida a kan babur. Tsohon ya girgiza kai, ya ce zai nemi mota a tasha.

"Kai dai ka tafi Sabon Gari," in ji shi. "Ni na kasa gaya mata. Yanzu aikinka ne."