Mai Riƙon Waya

Ranar da Fahad ya fara ganin Juwairiyya ba ta da kyan gani, ita ma ta sani. Awa biyar ta yi a tsaye cikin rigar dalma mai nauyin tsiya da ke kare jiki daga hasken hoton ƙashi, a ɗakin da ake zira na'ura ta baki a ciro tsakuwa daga bututun matsarmama. Ta fito baranda dafe da ƙugu, ta tarar da shi yana jiran kawunsa da ya kawo asibitin Azare daga Katagum.

"An ciro tsakuwa uku. Kawu zai farka an jima."

"Sannu, Sista. Ke fa, wa zai duba ki?"

Shekara bakwai tana wannan aiki, ba mahalukin da ya taɓa yi mata tambayar. Da ya nemi lamba ba ta ja aji ba, ƙarfin ja ɗin ma babu.

Likita ke riƙe na'ura, amma siririyar wayar da ake turawa cikin bututun a hannun nas take. A tura da ƙarfi a ji wa mutum ciwo, a yi sako-sako ta zame a koma farko. Yatsun Juwairiyya kuwa sun san inda waya ke turjewa tun kafin hoto ya nuna.

"Gajiyayyiyata, kin ci abinci?" Kullum saƙonsa ke nan.

"Na ci, Malamina. Ƙarya nake."

Wata Talata ya yi ta kira, abokiyar aikinta Lois ta ɗauka ta ce, "Tana kan waya da Dokta Isaac tun safe." Bawan Allah ya yi kwana biyu yana cika yana batsewa. Da ta gane wayar da yake kishi a kai, ta yi dariya har da hawaye.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Da maganar aure ta taso, Hajiya, mahaifiyarsa, ta kafe.

"Macen da hasken hoto ke duka kullum, ina za ta haihu? Ta bar ɗakin nan, ko ka bar ta. Ga Jamila 'yar ƙanwata nan zaune."

Juwairiyya na son shi, kuma ta gaji, bayanta ma ya gaji. Ta nemi a mai da ita ɗakin mata, Lois da ba ta cika shekara a aikin ba ta karɓi waya.

A sati na uku aka kawo wata tsohuwa daga Gamawa. Sau biyu waya na zamewa, aikin rabin awa ya ci awa biyu ba a ciro komai ba, zazzaɓi ya rufe tsohuwar. Lois ta zo wurin Juwairiyya tana kuka. Washegari Juwairiyya ta ɗauki rigar dalmarta.

"Na koma ɗakin," ta rubuta masa. "Ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan ɓoye ba, ka gaya wa Hajiya."

Ranar Alhamis sai ga Hajiya da kanta a asibiti, Fahad a bayanta kamar wanda ya yi laifi. Ta ce a nuna mata rigar. Ta ɗaga da hannu biyu, ta ajiye da sauri.

"Wannan kike sawa kullum?"

"Ita ke tare hasken, Hajiya. Wannan ɗan abin na ƙirjina kuma shi ake aunawa a ga abin da ya shige ni."

"Da kin yi shiru har a ɗaura, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

Hajiya ta juya ta ce da ɗanta ya samo wa yarinya kujera.

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Azare. Da aka kai amarya Katagum, Hajiya ta dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. In kuma ya jinkirta, 'yata, ba za ki ji bakina ya ce ɗakin ne ba."