Fararen Ƙwayayen Asibitin Ƙauye

Da sassafe Gwaggo Kulu, ungozomar wani ƙaramin asibiti a bayan Bunkure, ta faɗo caji ofis ko sallama babu.

"Sufeto, an yi mana ta'asa! Fararen ƙwayayen lantarkin nan masu tsimin wuta da ƙungiyar manoman rani ta saya mana, an kwashe su tas. An maƙala mana tsofaffi masu jan haske, janaretanmu ya kasa ɗauka."

Sufeto Hafizu ya miƙe tsaye. Shi ya tsaya wa amininsa Maikano mai gyaran wuta aka ba shi aikin ɗaura su. Tare suka yi wanka a kanal ɗin noman rani suna yara.

A asibitin ya tarar da Maikano yana ta salati.

"Wallahi aikin Uba maigadi ne, Hafizu. Na ga tsohon yana zagaye su da ido."

Sufeto bai ko yi tantama ba, ya sa aka jefa tsohon a bayan kanta. Uba kuka kawai yake yi, yana cewa shi da ciwon gwiwa ko tsani ba ya iya hawa.

Maganar ta tsaya wa Sufeto a rai. Ya koma asibitin, ya hau benci ya kwance ƙwai ɗaya. Dusa ce ta manne a jikin ƙwan, ga warin kashin kaji. To, me ya haɗa ɗakin haihuwa da kaji?

Ya wuce Kura neman shawarar amininsa. Bashira, matar Maikano, ya tarar a tsakar gida tana kwashe matattun 'yan tsaki a kwando.

"Sannu, Bashira. Annoba ce?"

"Ina fa, Yaya Hafizu! Sanyi ne. Malam ya cire musu ƙwayayen da ke ɗumama su, ya sa wasu farare. Haske kamar rana, amma ko ɗumi babu."

Sufeto ya leƙa ɗakin kajin. Ga fararen ƙwayayen asibitin nan reras. Ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Maikano na shigowa ya yi turus.

"Me ya kawo kayan asibiti ɗakin kajinka?"

"Saya na yi a Sabon Gari."

"Naka tsofaffin kuma ƙafa suka yi zuwa Bunkure?"

Maikano ya durƙushe. "Ni ne. Na ce nan babu mai dubawa, in ƙura ta lafa in sayar. Ban san ba sa zafi ba. Rufa min asiri, Hafizu, ni da kai ne fa."

"Ni da kai? Da bakinka ka sa na kulle tsoho sa'an ubana! Ka ci amanata, Maikano."

Ya juya ga kofur ɗin da ya rako shi. "Sa masa ankwa."

Da suka isa ofis, shi da kansa ya buɗe wa Uba ƙofa. Ya cire hularsa ya durƙusa a gaban tsohon.