Bijimin da Ya Tsaya Tsakaninmu

Ranar ƙarshe ta farautar elk ce, wata irin ƙatuwar barewa mai ƙaho reshe-reshe, da la'asar sakaliya, ni da yayana Wendell muka hau kan tudun da ke bayan bukkarmu a duwatsun Idaho. Ba don so muke fita tare ba. Bukka ɗaya muka gada, mota ɗaya muke da ita mai iya hawan hanyar, kuma shekara shida ke nan ba ya ce mini ko sannu sai da baƙar magana a gindinta.

Muna zama sai wani bijimin elk ya yi kuka daga can ƙasan kwarin, cikin duhun itatuwa. Dogon fito mai ƙarewa da gurnani.

"Mu zagaya ta rafi, mu hauro masa daga ƙasa," na ce. "Rana ta kusa faɗuwa, iska gangarowa take yi. In muka sauka ta nan, warinmu zai riga mu isa."

"Malama Lorna ta fara karatu," in ji shi. "Kafin ki gama zagayenki duhu ya yi. Ni ta nan zan sauka."

"Za ka kore shi, kamar bara."

"Bara tarinki ne ya kore shi. Je ki yi wankanki a rafi."

Ya tofar da tabar da yake taunawa dab da takalmina, ya saɓa bindiga, ya gangara. Na bi ta hagu ina zaginsa a zuci.

Rabin awa na yi kafin na kai rafin. Na tsallake, na fara hawa a hankali. Dusar ƙanƙarar da ta zuba jiya tana ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙafata. Iska mai sanyi tana bugun fuskata, yadda nake so.

Bijimin elk a wannan lokaci wari yake yi, na fitsari da laka, tun daga nesa ake ji. Wannan iskar ba shi ta kawo mini ba. Warin toka ta kawo, jiƙaƙƙiya, da ƙaurin gashi.

Na tsaya. Babu tsuntsu. Babu kurege. Rafin da na baro yanzun nan ma na daina jin sa.

Sai na gan shi.

Yana tsaye a wani ɗan fili, taku sittin sama da ni, ya ba ni gefe. Ban taɓa ganin ƙaho irin nasa ba. Na durƙusa, na ɗora bindiga a kan wani kututture, na sa ido a madubin saitinta.

Numfashina yana fita kamar hayaƙi. Nasa babu.

Na duba ƙanƙarar da ke kewaye da shi. Sumul take, ba sawu ko ɗaya.

Ya sake yin kukan. Bakinsa a rufe.

"Harba," aka ce a kunnena na dama, a hankali, da ɗumin baki. "Shekara shida. Harba."

Ban waiwaya ba, wuyana ya ƙi. Yatsana ya hau kan kunamar bindiga ba da izinina ba. Na saita bayan kafaɗarsa. Gashin wurin ya yi shara-shara kamar tsohon labule, har na fara hango itatuwan da ke bayansa. A tsakaninsu, daidai inda harsashina zai bi, ga jar hular Wendell. Ya durƙusa. Bakin bindigarsa yana kallona.

"Wendell!"

Na faɗi rubda ciki. Ƙarar bindigarsa ta tsaga kwarin. Kututturen da na jingina da shi ya fashe, ɓaraguzai suka cika mini baki.

Da na ɗago, bijimin ya juyo da kai. Jikinsa bai motsa ba, kan kawai. Idanunsa a gaba suke, kusa da juna, irin na mutum. Haushi ne a cikinsu.

"Sauko, ɗan banza! Gudu!"

Wendell ya zagayo filin da gudu, ba bindiga, ya bangaje ni ya wuce. Na bi shi. Bayanmu ƙaho yana karo da itatuwa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Babu ƙarar kofato.

Ƙaurin ya cika mini hanci.

Wani abu ya taɓa ƙeyata.

Muka faɗa rafin har ƙugu, muka rarrafa zuwa ɗaya gaɓar. Ƙarar ta tsaya cak a bakin ruwa. Ba wanda ya juya ya duba.

Gashin ƙeyata, daidai faɗin tafin hannu, ya zube a makon, har yau bai fito ba. Wendell bai koma neman bindigarsa ba. Bukkar kuma mun bar wa ɓeraye.

Sau ɗaya muka yi maganar, a mota, washegari, muna gangarowa gari.

"Me ya hana ki harbi?" ya ce, idonsa a kan hanya.

"Hularka na hango ta cikin jikinsa." Na jira har muka wuce wata kwana. "Kai fa? Ka hango tawa?"

Ya miƙa hannu ya kunna rediyo.